Rantsuwar Lado a Kan Kwanon Tuwo

Duk wanda ya taɓa sayen akuya a kasuwar Anka, ko ta Gummi, ko ta Nasarawar Burkullu, ya kai ta gida ta kwanta ta ƙi ko kallon dusa, to ya bincika da kyau, ta hannun Lado Dillali ta biyo. Mutumin Duza ne, gajere mai faɗin baki, hula kullum a karkace. Ubansa manomi, kakansa manomi, shi kuwa tun yana saurayi ya gano fartanya nauyi gare ta, harshe kuma ba a saɓa shi a kafaɗa. Sai ya kama dillancin bisashe. Jarinsa kaf rantsuwa ce. Tsohuwar tunkiya wadda haƙora suka gama zubewa, Lado zai dafa bayanta ya ce wallahi tallahi haihuwarta ɗaya. Abin har ya kai in ya ce wallahi rana ta fito, sai mutane sun ɗaga kai sun duba.

Matarsa Dija 'yar Adabka ce. Tun tana da ƙuruciya aka kawo ta gidan, ta kuma san mijinta kamar yunwar cikinta. Mace ce marar yawan magana, sana'arta man gyaɗa da ƙuliƙuli, kuma ba ta wasa da salla. In Lado ya dawo kasuwa yana zuba, ita dai ta ajiye masa ruwa ta koma gindin murhu. Ta daɗe da gane cewa gardama da shi ɓata yawu ne.

Shekarar da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukan nan, lokacin da ake kawo duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa a turmi, ƙura na tashi yara na shaƙa, gidan Lado ya binne biyu: Rashida da ƙaninta Isa. Wanda ya rage shi ne ɗan fari, Auwalu, da yake ya riga ya tasa. A nan kaɗai zan yi wa Lado adalci. Daga ranar da aka rufe Isa, ya ajiye kunyar ɗan fari gefe guda. Ya ce shi da Auwalu kwano ɗaya za su riƙa ci, kowa ya so ya yi dariya. Aka yi ta surutu har aka gaji, aka saba ganin uba da ɗa hannu a kwano guda, safe da yamma. Dija ce dai ba ta bar tata kunyar ba. Har yaron ya yi gemu ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce, "Kai wanga."

A wannan shekarar ce kuma Lado ya samo ilminsa da ya addabi jama'a da shi. Wasu baƙi masu aikin agaji sun zo kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka ɗauki Lado cikin masu tura baro. Kafin a ce kwabo ya sulale daga baro ya koma riƙe wa wani Bature jaka, don ita ta fi sauƙi. Baturen nan dogo ne, jan wuya, marar fara'a, komai aka yi sai ya ja tsaki, har aka sa masa suna Mai Tsaki. Wata rana Lado ya sa tafinta ya tambaye shi wace coci yake zuwa. Bature ya ce shi ba coci ba masallaci, bai yarda akwai wanda ya halicci duniya ba.

Shi ke nan fa, an ba mahaukaci ganga. 'Yan watanni Lado ya yi yana bin mutum ɗaya da jaka, ba ya jin yarensa, amma daga nan ya zama shehin malami a kan marasa addini na duniya baki ɗaya. A rumfar kasuwa, a wurin suna, har a zaman makoki, da an ɗan yi shiru sai ya gyara hula.

"Ni na zauna da su," in ji shi. "Dut halinsu guda. Ba su gaisuwa, ba su kyauta, ba su hawaye. Ba su san uwayensu ba. Kowane ya san kowane, sarkinsu guda can ƙetare, shi ka biyan su. Kuma wari gare su, wani iri awa jiƙaƙƙen buhu. Ko cikin duhu ɗaya ya gitta, hancina sai ya faɗa min."

Jiƙaƙƙen buhu! Mutumin da ke yini cikin rana yana kwasar ƙasa, da me zai yi ƙamshi, da turaren wuta? Amma ba mai tambaya, don ba wanda ya taɓa ganin wani balle ya ƙaryata.

Dija kuwa ta gani. A asibitin Anka, makonnin da ta yi tana jinyar Isa, akwai wata Baturiya cikin masu ba da magani, wadda mata suka sa wa suna Ladi don ran Lahadi ta iso. Ita ma an ce ba ta da addini. Ita ce ke goya yaran mutane da zane tana zagaya ɗaki da su, kuma ranar da Isa ya cika, ta durƙusa kusa da Dija tana kuka har da majina. Sau ɗaya tak Dija ta tuna wa mijinta wannan. Ya kaɗa hannu ya ce, "Wagga ai musulma ta a zuci, ita ce dai ba ta sani ba." Ka ji malanta. Wanda ya dace da zancensa shaida ne, wanda bai dace ba a musuluntar da shi da ƙarfi.

Auwalu ya tashi yaro mai sanyin hali. Ya yi makarantar koyon sana'a a Gusau, ya dawo yana gyaran famfon burtsatse mai aiki da hasken rana, ana kiransa har Bukkuyum. In an yi rasuwa shi ne farkon shiga kabari da diga. In tsohuwa ta rasa mai ɗebo mata ruwa, shi ne. Lado kan nuna shi a majalisa ya ce, "Ku dubi tarbiyya. Ɗan marar addini shina iya haka?"

Uwa kuwa ba a ɓoye mata. Dija ta lura ɗanta na alwala, yana bin sahu, amma in an ɗaga hannu ana addu'a, idonsa na kan tabarma, leɓensa ba ya motsi. Wata hantsi yana taya ta juya tunkuza, gidan ba kowa, ta ce ba tare da ta dube shi ba, "Kai wanga, in kana salla, ina zuciyarka take?"

Ya daɗe yana juya muciya. Bai taɓa yi mata ƙarya ba.

"Inna, na nema ban samu ba. Na daɗe ina nema. Ban yarda ba, kuma na kasa sa kaina in yarda."

Ta yi salati, ta sake yi. Sannan ta tambaye shi abin da ta saba ji a bakin mijinta: wa ya sa shi cikin ƙungiyar marasa addini, wa ke biyansa?

"Wace ƙungiya, Inna? Ni kaɗai ne da kaina. A Gusau na haɗu da wani mai irin tunanina, mazambaci ne, ko allura ba zan ba shi aro ba. Wani kuma na ga maganganunsa a waya, zagin mutane kawai ya iya, na rufe. Wani an ce mutumin kirki ne, ban san shi ba. Abin da ba mu yarda da shi ba ne kaɗai ya haɗa mu. Kamar a ce duk wanda ba ya cin goro ɗan gida ɗaya ne."

Dija ta yi kuka ranar kamar an sake yi mata mutuwa. Ba ta yarda da ko kalma ɗaya daga abin da ɗanta ya zaɓa ba, kuma tun daga ranar ba ta kai goshi ƙasa ba sai ta roƙa masa shiriya. Amma ta kafa masa doka: ya rufe bakinsa, ya ci gaba da bin sahu. Ta san garinta. Ta kuma sha jin Lado da bakinsa yana cewa in aka kama ɗaya daga cikinsu, kada ma a ɓata lokacin kai shi gun alƙali. Biyu ta binne, ba za ta binne na uku ba.

Haka aka yi shekaru. Mai hancin da ke jin warinsu cikin duhu yana zaune gwiwa da gwiwa da ɗaya, yana tura masa tsokar nama gabansa. Hancin bai ce uffan ba.

Ranar da abin ya faru, damina ce, an idar da magariba. Mazan unguwa sun fito da kwanoninsu ƙofar gidan Lado don ciyayya, kamar yadda suka saba. Dija na bayan katanga tana wanke tukunya, duk abin da ake faɗi a kunnenta. Cikin masu cin akwai Haladu, Bafulatani makiyayi wanda rugarsu ke bakin gari tun zamanin kakanni. Lado ya ɗauko karatun nasa, ya kai kan wari, sai Haladu ya ajiye ludayin furarsa.

"Lado, mu ma hwa haka aka ce muna. In ɓarayin daji sun yi ɓarna, a ce Hillani dut ɗaya na. Alhali shanuna sunka fara kwashewa."

"Wanga daban," in ji Lado. "Ku ai na san ku."

"Su ɗin guda nawa ka sani?"

"Guda ya isa. Loma guda aka ɗanɗanawa a san tukunya."

"To in wani bai da jan wuya hwa? In shina gaisuwa, shina kyauta? Ƙila ma ka ci tuwo da ɗaya ba ka sani ba."

"Ni? Wallahi tallahi ban taɓa ba!"

Aka fashe da dariya. Wani daga gefe ya ce, "Wallahin dillali ke nan. Irin wadda ya yi min a kan tunkiyar layya." Dariya ta ƙaru, har da mai ƙwarewa.

Wannan dariyar ce ta kashe auren Dija. Mutum ya shekara talatin yana sayar da sunan Allah a kan kuɗin awaki, ranar da yake son a yarda da shi sai ya tarar ba sauran abin rantsuwa a hannunsa. Sai ya waiwaya ya ɗauko abin da bai taɓa kai wa kasuwa ba. Dija ta ji ya buga cinya.

"To ku shaida! Tun da uwata ta haihe ni har yau, in na taɓa sa hannu kwano guda da wanda bai yarda da Allah ba, a bakin auren Dija. Saki ukku!"

Haladu ya ce, "Subhanallahi! Lado, ba a wasa da wanga."

"Wa ke wasa? Na san abin da nike faɗi. Auwalu, ci tuwonka, mi ka tsaya kallo?"

Tukunyar ta suɓuce daga hannun Dija ta kife a cikin ruwan wanki. Ta zauna a ƙasa inda take. Ita kaɗai a bayan katanga, da ɗanta a gaban katanga, suka san abin da bakin nan ya aikata. Shi mai bakin yana ta suɗe yatsu, yana jin ya ci gardama.

Daren nan ta ce ba ta da lafiya, ta kwana a ɗakin da take ajiye gyaɗa. Da gari ya waye ta ja mayafi ta tafi gun Malama Sa'adatu, mai karantar da matan aure. Ta ce wai wani mutum ne can Adabka ya rantse da aurensa, saki uku, cewa bai taɓa cin naman akuyar sata ba, ashe ya ci bai sani ba.

Malama ta yi murmushi ta ce, "Halan ta hannun dillali akuyar ta biyo." Da ta ga Dija ba ta yi dariya ba, sai ta gyara zama. Ta ce da da sunan Allah ya rantse a kan abin da yake zaton gaskiya ne, da akwai sauƙi. Amma a abin da suka karanta, saki ba shi da wannan rangwamen. Ko ya sani ko bai sani ba, in dai ya ci, matar ta saku. Ta ƙara da cewa, "Ki gaya wa matar, zama ya haramta gare ta."

Dija ta taho gida tana lissafi. In ta zauna, zaman haram take yi, ita da ta tsufa tana tsoron Allah. In ta fita ta faɗi dalili, ta miƙa ɗanta ga gari. In ta fita ba dalili, ta zama tsohuwar banza wadda ta kashe aurenta da furfura a kai. Ta duba ukun nan, ta ga na ƙarshe ne kaɗai ita za ta biya, ba wani ba.

Auwalu ya same ta da azahar tana ninke zannuwa. Idonsa ya yi ja.

"Inna, kada ki tafi. Maganar Baba iska ce. Kin san shi, kullum rantsuwa yake yi."

"Gare ka iska ta," in ji ta. "Ni na yarda da Allah, kuma na ji da kunnena."

"To bari in gaya masa gaskiya. Ko in bar garin."

"In ka bar gari, tuwon da anka ci shina dawowa kwano? In kuwa ka buɗe bakinka, ban yafe maka nonon da ka sha ba." Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ka zauna. Gobe da jibi ka sa hannunka cikin kwanon nan kamar kullum. Ranar da ka janye hannu, ranar za a fara lissafi, kuma Haladu ba wawa ba ne. Ka ji ni, Auwalu?"

Karo na farko ke nan da ya ji sunansa a bakinta. Ya durƙusa ya kifa kai a gwiwa, yana kuka. Ga wanda aka ce ba su hawaye.

Da yamma ta shaida wa Lado cewa gobe za ta Adabka gidan yayanta, kuma ba dawowa. Ta yi maganar da mayafi a kanta, daga bakin ƙofa, kamar mai magana da baƙo. Lado ya saki baki. Ya tambayi abin da ya yi mata. Ta ce ba komai. Ya ce ko don ya ambaci aurenta a majalisa ne? Ai wannan girmamawa ce, ya nuna wa duniya ba abin da ya fi daraja a gunsa. Kuma ai gaskiya ya rantse a kai, to mene ne abin fushi? Ta dube shi, ta ga har cikin ransa haka ya ɗauka. Tausayinsa ya ɗan taso mata, takaici ya danne shi. Shekara talatin, da haihuwa uku, da kabari biyu, mutum ya ɗora su a faifai don kada a yi masa dariya a kan tuwo.

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya yi wallahi ta fi a ƙirga. Da ya gaji sai ya ce yaji ne, tsufa ne ke taɓa ta, in ta huce ta dawo da ƙafarta.

Da safe ta ɗumama sauran tuwon jiya, ta zuba man shanu, ta sa a kwanon nan nasu ta miƙa zaure. Sannan ta ɗauki ƙullin kayanta. Ɗan kabu-kabu na jira a ƙofar gida, don ana so a bi hanyar Adabka da rana tsaka, saboda halin da daji ke ciki. Matan maƙwabta sun leƙo ta saman katanga suna ƙus-ƙus. Ta san abin da za a ce, ta san kuma har ta mutu ba za ta wanke kanta ba.

Ta ratsa zaure. Uba da ɗa na zaune, kwano a tsakiya. Lado bai ɗago ba, wai shi fushi. Hannun Auwalu na cikin tuwon, bai kai baki ba, bai kuma janye ba.

Tana ɗaura kaya a bayan babur sai ga Haladu ya biyo da sandarsa a kafaɗa. Ya dubi ƙullin, ya dubi Dija, ya leƙa zaure ya dubi kwanon. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya sauke kai ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Inna."

Lado ne ya ɗaga murya daga ciki, yadda kowa zai ji.

"Ka gani ko, Haladu? Ba laihi, ba dalili. Mata ai dut kanwar ja ta. Ni na zauna da su, na san su sarai." Ya tsamo 'yar tsokar da ta kwana a miya, ya tura gaban ɗansa. "Ci, Auwalu. Ni da kai mun isa."

Dija ta hau babur, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce wa ɗan kabu-kabu su tafi.